Bashin da Bai Ci Ba: Juma'a Mai Kyau a Karkarar Kano

Sharhinmu na yau zai duba wata rana ce da gwamnatin tarayya ke ba da hutu dominta kowace shekara, a rufe ofisoshi da bankuna, amma da yawa daga mutanen ƙasar Kano iyakar abin da suka sani game da ita shi ne hutun Ista ne. Ranar ita ce Juma'a Mai Kyau, wadda mabiya addinin Kirista ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu da mutuwarsa. A duk shekarar coci babu ranar da ta kai ta nauyi. Kirsimeti ta ɗinki ce da shinkafa da ziyarar dangi. Wannan kuwa ta azumi ce da juyayi da sunkuyar da kai.

Da wata ake lissafinta, shi ya sa ba ta zama wuri guda a kalanda. A ƙa'idar da coci-cocin Najeriya ke bi, wadda tushenta ke komawa ga babban taron shugabannin Kirista na garin Nikiya a shekarar 325, Ista ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Ba ta riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu, Juma'ar da ke gabanta kuwa ita ce ranar da ake magana. A 2022 da 2023 da 2024, sau uku a jere, ta faɗo cikin watan Ramadan, aka wayi gari maƙwabta na azumi a rana ɗaya, kowa irin nasa.

A arewacin Kano wannan lokaci tsakiyar bazara ne. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya bi ta Dambatta ya nufi Kazaure, ya san yadda ƙasar take. Gona na jingine da gona, ba saura ba kurmi, sai kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaitsaye cikin fili. Ƙasa ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomanta kowace damina ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. A waɗannan makonni ake ganin amalanken shanu da jakuna ɗauke da mangala suna zuba taki tsibi-tsibi, ana sharar gona, rana na dukan ƙeya, hatsin rumbu ya fara ja da baya, idon kowa na gabas yana jiran hadari.

A cikin wannan ƙasa akwai Kiristoci, kuma ba baƙin Sabon Gari ake nufi ba. Hausawa ne gaba da baya, akasarinsu jikokin Maguzawa, gonakinsu na gado ne, gero da dawa da gyaɗa da wake suke nomawa kamar kowa. Sun fi yawa a kudancin jihar, wajen Rogo da Karaye da Sumaila da Tudun Wada, da kuma ƙasar Malumfashi da Kafur a Katsina, amma a arewa da yamma ma akwai su, tsiraru, a warwatse cikin unguwanni. Mishan ta SIM, wadda ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954, ta yi aiki a Roni da Tsanyawa, ta kuma buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Ba su san wani harshen ibada ba sai Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a kansa, sannan sabuwar fassara ta fito a ƙarshen shekarun 1970.

Wanda ya leƙa ƙaramar majami'ar ƙauye a wannan rana zai tarar da ita ba kamar ranar Lahadi ba. Ginin ƙasa ne ko na bulo, rufin kwano ya ɗau zafi tun da hantsi, maza a gefe guda, mata a gefe guda da goyo, 'yan zumuntar mata da zannuwansu iri ɗaya. Waƙoƙin da aka saba rerawa da tafi da rangaji, yau a hankali ake jan su. Fasto ko mai bishara ya buɗe littafi ya karanta labarin tun daga kamawa har binnewa, jama'a sun yi tsit, sai kukan jariri da ƙarar kwano idan iska ta taɓa shi. A wurin 'yan Katolika abin ya fi haka tsanani. An tuɓe wa bagade mayafinsa, ba a kaɗa ƙararrawa, ba a cin nama, kuma ita ce ranar da ba a yin Mas, wato babbar ibadarsu. Matasa kan saɓa gicciyen katako a kafaɗa a bi Hanyar Gicciye, ana tsayawa a wurare 14, ana durƙusawa a kan ƙasa mai ƙuna. Da misalin ƙarfe uku na yamma a taru, mutane su jeru, kowa ya zo ya rusuna wa gicciyen ko ya sumbace shi. Majami'un Angilikan da dama kan yi zaman sa'o'i uku, daga sha biyun rana zuwa uku, ana wa'azi a kan kalmomin ƙarshe da Yesu ya furta.

Labarin da ake karantawa yana cikin littattafan bishara huɗu, na Matiyu da Markus da Luka da Yahaya. A daren Alhamis, bayan ya ci jibi da almajiransa a Urushalima, aka kama Yesu a lambun Getsamani. Ɗaya daga cikin almajiran nasa, Yahuza, shi ya nuna shi a kan azurfa talatin. Wani kuma, Bitrus, wanda ya fi kowa cika baki, ya yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Da gari ya waye aka miƙa shi ga gwamnan Romawa, Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga shekarar 26 zuwa 36. Bilatus ya ce bai same shi da laifi ba, amma tsoron tarzoma ya sa ya wanke hannunsa ya ba da shi. Aka yi masa bulala, aka ɗora masa rawanin ƙaya, aka fita da shi bayan gari zuwa Golgota. A hanya sojoji suka tilasta wa wani mai wucewa, Saminu mutumin Kurane, ya ɗauki gungumen. Kurane a ƙasar Libiya ta yau take, wato mutumin da ya taya shi ɗaukar kayan ɗan wannan nahiya tamu ne. Markus ya ce da ƙarfe tara na safe aka gicciye shi, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku, sannan ya cika. Kafin faɗuwar rana wani attajiri, Yusufu na Arimatiya, ya roƙi gawar ya sa a kabari. Masana tarihi na sa wannan a shekarar 30 ko 33.

Yau gicciye abin ado ne da ake ratayawa a wuya, har an manta abin da yake. Hukunci ne da Romawa suka keɓe wa bayi da 'yan tawaye, an tsara shi don mutum ya daɗe bai mutu ba, a tuɓe, a bakin hanya, kowa na kallo. A 1968 masu haƙa suka tono wani tsohon kabari a arewacin birnin Ƙudus, wato Urushalima, suka sami ƙasusuwan wani mutum na wancan zamani da aka gicciye. Ƙusar ƙarfe tana nan cake a ƙashin dunduniyarsa, bakinta ya lanƙwashe, ga alama ta ci karo da wata gaɓa mai tauri a jikin itacen, har masu binne shi suka kasa zare ta. Irin wannan mutuwa ake tunawa, ba wata ba.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjayen mutanen wannan ƙasa, suna girmama Annabi Isa ɗan Maryam, amma ba su yarda an kashe shi ko an gicciye shi ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i, ya bayyana cewa kamanta musu aka yi, Allah kuma ya ɗauke shi zuwa gare shi. Kirista kuwa duk imaninsa a kan wannan mutuwa da tashin da ya biyo bayanta ya rataya. Saɓani ne na aƙida, babba, kuma ba wannan fili ne zai warware shi ba. Amma mutanen da ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, suke cin kasuwa ɗaya, iyakar gonakinsu ɗaya, ya kamata kowannensu ya san abin da ke sa ɗan'uwansa hawaye a ɗakin ibadarsa, ko da bai yarda da shi ba.

To, me Kirista ke nufi idan ya ce wannan mutuwa hadaya ce?

Tsofaffin da suka tashi a gidajen Maguzawa ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Sun ga hadaya da idonsu. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta yadda suke bauta a littafin da ya fito a 1946. Mai gida ne ke yanka a madadin iyalinsa, a gindin tsamiya ko wani wuri da aka keɓe a cikin gida. Kowane iska da dabbar da yake karɓa da launinta, wani jan zakara, wani baƙin bunsuru, wata farar tunkiya. Jinin na iska ne, naman na mutanen gida. Ana yi gabanin shuka, ana yi bayan kaka, ana yi idan ciwo ya shigo ko haihuwa ta ƙi. Tarihin Kano ma ya ba da labarin baƙaƙen dabbobin da ake kai wa Tsumburbura a zamanin Barbushe, a gindin Dala. Abin lura a wannan tsari shi ne ba ya ƙarewa. An yanka bana, baɗi ma sai an yanka. Idan yaro ya kwanta, tambayar farko ita ce wa aka manta, wa aka ɓata wa. Talakan da akuyarsa ɗaya ce ya san nauyin wannan tsoro fiye da kowa.

Littafi Mai Tsarki shi ma cike yake da yanka. A littafin Farawa, sura 22, Ibrahim ya ɗaga wuƙa a kan ɗansa, aka tsayar da shi, aka ba shi rago a madadin yaron. Wannan labari kowane ɗan Kano ya san shi, domin shi ake tunawa da layya a Babbar Sallah, sai dai Kirista na cewa Ishaku ne ɗan, akasarin malaman Musulunci kuma na cewa Isma'ila ne. A littafin Fitowa, sura 12, daren da Bani Isra'ila za su bar Masar, kowane gida ya yanka ɗan rago marar aibi ya shafa jinin a dogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidan. Daga nan Idin Ƙetarewa ya samo asali, kuma a makon wannan idi ne aka gicciye Yesu. A Littafin Firistoci, sura 16, sau ɗaya a shekara ake kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya. Ɗayan kuma babban firist ya ɗora hannuwansa a kansa, ya lissafa laifofin jama'a, a kore shi cikin jeji ya tafi da su.

Koyarwar Kirista ita ce duk waɗannan ishara ce ga abu ɗaya da ke tafe. Jinin dabba, in ji Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, ba ya iya kawar da zunubin mutum, da yana iyawa da ba a riƙa maimaita shi ba. Yesu, wanda suke kira Ɗan Rago na Allah, shi ne ya miƙa kansa sau ɗaya tak, aka rufe babin. Ga manomin da ya tashi yana ganin ana jan akuyar gidansu zuwa gindin tsamiya duk shekara, wannan magana ba ƙaramar magana ba ce. An ce masa an riga an biya, ya daina tsoro. Mai wannan sharhi na ganin duk wanda ke son ya gane abin da ya ja wasu Maguzawa zuwa coci, to kada ya tsaya ga makaranta da asibiti kaɗai, ya haɗa da wannan.

Sai batun fansa, wanda a nan ne maganar ta fi taɓa zuciya a wannan zamani.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin fansa. A ƙarni na 19, lokacin da hari da kamun bayi suka yi yawa, dangi kan bi sawun wanda aka kama har su gano inda yake, su yi ciniki, su tara wuri su karɓo shi. Baba ta Karo, wadda aka haifa a kudancin ƙasar Kano wajen 1877, aka kuma buga tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mata da yara na danginta, da yadda mazan gidan suka bi su suka fanso su da wuri. Bawa ma kan yi yarjejeniya da ubangidansa, ya riƙa biyan murgu yana aikin kansa, yana tarawa har ya fanshi kansa. Sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya. An ɗauka wannan babi ya zama tarihi.

Ga shi ya dawo. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara a jihar Katsina. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun biya naira tiriliyan 2.23 a matsayin kuɗin fansa cikin shekara guda, adadin da ya jawo muhawara, amma babu wanda ya musa cewa masifar ta kai intaha. Kano ta daɗe tana jin labarin daga nesa, sai ga shi a ƙarshen 2025 hare-haren sun tsallako iyaka zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Abin da ya ci Doma, ba ya barin Awai.

A duba yadda abin ke faɗa wa gidan manomi. Waya ta yi ƙara, a ji muryar wanda aka ɗauke yana kuka, a yanka kuɗin da gidan bai taɓa gani ba. A fara da hatsin rumbu. A kai shanun huɗa kasuwa a sayar a wulaƙance, domin dillali ya san mai su a matse yake. Matan gida su kwance ɗan abin da suka tara na kayan ɗakin 'ya'yansu. A bi dangi gida-gida, a yi shela a masallaci ko a majami'a. Daga ƙarshe a zo kan gona, a jinginar ko a sayar, kuma a ƙasar da ba sauran daji da za a sara, wanda ya rabu da gonar gado ya rabu da ita ke nan. Bayan an haɗa kuɗin sai tambaya mafi wuya ta taso: wa zai kai? Kowa ya san sau da yawa ɓarayin kan karɓi kuɗin su riƙe wanda ya kawo, wani lokaci su kashe shi. Duk da haka sai an sami wani, ƙane ko wa ko amini, da zai ɗaura jakar a bayan babur ya nufi dajin. Hausawa na cewa ranar biyan bukata rai ba a bakin komai yake ba, amma faɗar ta fi aikatawa sauƙi.

Idan fasto ya tsaya gaban irin waɗannan mutane ya ce musu Yesu ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, kamar yadda Markus ya ruwaito a sura 10, ba ya bukatar ya yi musu fashin baƙi. A koyarwar Kirista, ɗan Adam kamamme ne a hannun zunubi da mutuwa, ba shi da abin da zai fanshi kansa, danginsa ma duk a ɗaure suke tare da shi. Wanda ya zo karɓarsa bai zo da jaka ba, kansa ya kawo, ya kuma san ba za a sake shi ba. Labarin Barabbas ya nuna abin ƙarara. Mutum ne da aka tsare kan tayar da tarzoma da kisan kai, yana jiran hukunci. Bilatus ya ba jama'a zaɓi tsakaninsa da Yesu, suka zaɓi a saki Barabbas. Mai laifi ya koma gida, marar laifi ya hau gungumen. Kirista na cewa shi kansa ne Barabbas ɗin.

Manomi mai hankali zai tambaya, to wa aka biya? Tambayar ta daɗe tana wahalar da malaman coci. Orijen na birnin Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan ne ya karɓa, tunda shi ke riƙe da kamammun. A ƙarni na 4 wani babban malami, Giregori na Naziyanzu, ya ƙi wannan, ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi irin wannan lada a kan fashinsa. Wajen 1098 Anselm, Akbishop na Kantabari a Ingila, ya kawo bayanin da ya fi yaɗuwa daga baya. Ya ce zunubi bashi ne a gaban adalcin Allah. Mutum ne ya ci, shi ya kamata ya biya, amma ba shi da hali. Allah na da hali, amma ba shi ya ci ba. Don haka sai wanda yake Allah kuma mutum, kamar yadda Kirista suka yi imani game da Yesu, shi ne zai iya biya. Ba a jima ba Abelad na Faransa ya ƙara da cewa babban aikin gicciye shi ne ya nuna wa mutum iyakar ƙauna har zuciyarsa ta karye ta juyo. Majami'un karkarar Kano ba sa kiran waɗannan sunaye, amma a wa'azi da waƙoƙinsu ana jin duka: an kwance mu, an biya mana, an ƙaunace mu.

Ƙin da Giregori ya yi yana da muhimmanci a yau. Babu wata koyarwa ta wannan rana da ke wanke mai garkuwa da mutane ko ta mai da zalunci abin karɓa. Bilatus da ya wanke hannu bai wanku ba, sunansa na nan ana ambata a cikin aƙidar da Kirista ke karantawa a majami'u har gobe, a matsayin mai mulkin da ya san gaskiya ya zaɓi kujerarsa. Duk mai riƙe da amanar tsaron jama'a ya kamata wannan ya dame shi.

Idan an daina yanka dabba, me ya rage wa mai bi ya miƙa? Amsar coci ita ce kansa, wato lokacinsa da ƙarfinsa da dukiyarsa, saboda wani. A ƙasar Ungogo, arewa da birnin Kano kaɗan, akwai Yadakunya, inda asibitin masu cutar kuturta yake, wanda aka fi sani da asibitin Bela. Daga ƙarshen shekarun 1930 hukumar En'e ta ba ma'aikatan SIM kula da shi, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A lokacin babu maganin da ke warkarwa sosai, sai allurar wani mai da ke da zafin gaske, kafin ƙwayar dafson ta zo daga baya. Mutanen da danginsu suka ware wa ƙwarya da tabarma, a can aka sami masu wanke musu gyambo da hannu kowace safiya. Ba Turawa kaɗai ba, da yawa daga masu ɗaurin miki 'yan ƙasa ne, wasunsu ma tsofaffin majinyata. Gaskiya ne mishan na da burin yaɗa addininta, sarakuna da malamai kuma sun sa ido a kan hakan, an yi ta ja-in-ja musamman kan yara. Amma mikin da aka wanke an wanke shi, kuma yau kuturta cuta ce da ake warkewa sarai.

Akwai waɗanda abin ya kai su ga ba da rai kacokan. A 1941, a sansanin Aushwiz na 'yan Nazi a ƙasar Polan, wani fursuna ya ɓace, aka zaɓi mutum goma da za a kashe da yunwa. Ɗaya daga cikinsu ya fashe da kuka yana ambaton matarsa da 'ya'yansa. Wani limamin Katolika, Maksimiliyan Kolbe, ya fito daga layi ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Aka yarda. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, wanda ya fansa kuwa ya rayu har 1995.

Irin wannan hali ba gadon addini ɗaya ba ne, mu ma a nan gida mun gani. Ranar 23 ga Yunin 2018, mahara suka auka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista. Da maharan suka iso ya tare su a waje, ya hana su shiga, ya roƙe su, har ya ce su ɗauki ransa su bar baƙinsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Malam ya yi abin da ya yi ne bisa koyarwar addininsa na Musulunci, ba don wata aƙidar gicciye ba. Amma babu Kiristan da zai ji labarinsa a wannan Juma'a bai gane abin da ya gani ba.

Akwai kuma abu ɗaya da ya fi duk waɗannan wuya. Luka ya ruwaito cewa Yesu, yana rataye, ya roƙa wa masu kashe shi gafara. A ƙasar da ramuwar gayya ta mai da rikicin gona da burtali ya zama yaƙi, inda ake ƙone ruga saboda laifin wani, a ƙone ƙauye saboda an ƙone ruga, wannan darasi ba ya shiga kunne da daɗi. Yafiya ba ta hana hukuma kama mai laifi ta hukunta shi, aikinta ne, dole ta yi. Abin da take hanawa shi ne a ɗora laifin mutum a kan ƙabilarsa ko addininsa, a je a kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Duk wanda ya tsaya gaban gicciye yana kukan kisan marar laifi, bai kamata a gan shi gobe cikin masu farautar marar laifi ba.

Ranar Lahadi majami'un nan za su cika da kiɗa da guɗa, domin Kirista sun yi imani a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. Litinin kuma a fita bayan gari, fitar da ake kira zuwa Galili, a ci a sha. Daga nan kowa ya koma kan fartanyarsa.

Kafin nan akwai aikin da ke jira. Littafin Firistoci, a sura 25, ya yi umarni cewa idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, danginsa na kusa ya zo ya fanso masa ita. Musulunci kuma ya sanya 'yanta wuyaye da taimakon wanda bashi ya danne cikin wuraren da ake kai zakka. Yau a ƙauyukan kan iyakar Kano da Katsina akwai gidajen da suka karɓo mutuminsu amma suka rasa shanun huɗa da iri, wasu har da gona, ga damina saura makonni. Kira ga dattawan ikkilisiya da limamai da dagatai da masu unguwanni shi ne su zauna su lissafa irin waɗannan gidaje ba tare da duba inda mai gidan ke ibada ba. Wanda ya karɓi jinginar gona a hannun mai neman ceton ɗansa ya sassauta, ya ba shi lokaci, kada ya mai da masifar maƙwabcinsa riba. Mai shanu ya ba da aron kwana ɗaya, mai iri ya ba da tiya biyu, matasa su kira gayya. Gwamnatin jiha da jami'an tsaro kuma su tsare hanyoyin da maharan ke bi, don mai zuwa masallacin Juma'a da mai zuwa majami'a a wannan rana duk su koma gida lafiya, su kuma iya fita gona idan ruwa ya sauka.